Rezar da na ɓoye a gwangwanin madara

Assalamu alaikum. Ƙarar murfin gwangwani ce, yana gangarawa a kan siminti, ta fara komai. A lokacin shekaruna ashirin da 'yan kai, ina gidan mijina a Kaura Namoda da ɗiya ɗaya 'yar shekara uku da rabi, ina taɓa ɗinki da keke a cikin gida. Na yi sakandare, kuma ina ganin kaina mace mai lura, wadda ba ta barin ko allura a ƙasa.

Maigidana yankan sitika yake yi. Shekarun da aka fara Shari'a aiki ya yi masa yawa, kowa na son rubutun addu'a a gilashin mota ko tankin babur. Injinsa yana da wata 'yar reza da ba ta kai rabin tsinken ashana ba, wadda ke tsaga ledar sama ta bar takardar ƙasa lafiya lau. In ta dakushe sai ya sa sabuwa, tsohuwar ya naɗe ta da guntun ledar sitika, ya kawo gida ya ce in jefa a masai, saboda yara na tsince-tsince a sharar shago. Ya nanata mini ba sau ɗaya ba. Ni kuwa na ga abin da ya kira dakusasshe ya fi rezar kanti farke ɗinki, sai na riƙa tara su a gwangwanin madara ƙarƙashin keke. Ja, kore, ruwan ɗorawa, kowace a naɗe kamar alewa. Ban taɓa kallonsu da idon yaro ba.

Ina tankaɗe da hantsi na ji ƙarar. Na tarar da ɗiyata zaune, gwangwanin a kife. Reza biyar na san na tara a ciki, huɗu na tsinta. Na kakkaɓe tabarma, na share ɗakin sau biyu, na laluba aljihun rigarta. Da na tambaye ta sai ta nuna bakinta, ta ce alewar ba ta da zaƙi, shi ya sa ta haɗiye. A nan na yi abin da har yau nake roƙon Allah gafara a kansa: na durƙusa na riƙe kafaɗunta, na ce kada ta kuskura ta faɗa wa Baba, in ta faɗa zai dake ta. Mutumin da bai taɓa ɗaga mata yatsa ba. Na ɗura mata miyar kuɓewa da man gyaɗa, na yi tofi a ruwa na ba ta, ina ce wa kaina abin zai fita kafin kowa ya sani. Da ya dawo cin abinci bayan Azahar, yarinyar da ke rugawa ta tarbe shi ta laɓe a bayan zanena. Na ce barci take ji.

Washegari da safe ta riƙe ciki, ta ƙi kunu. Babanta ya ɗauke ta ya tambayi inda ke mata ciwo. Sai ta kalle ni, sannan ta ce babu ko'ina. Ya tafi Shinkafi liƙa wa wasu motoci sitika, ni kuma na bar shi ya tafi. Kafin rana ta yi tsaka ta yi amai, da zaren jini a ciki. Na goya ta na zura hijabi na fita. A lokacin an hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, duk wanda na tsayar sai ya ce in yi haƙuri. Da ƙafa na isa asibiti, ina taɓa ƙafarta a bayana don in ji ko tana motsi. Likita ya tambayi tun yaushe, na ce tun jiya. Sai ya rubuta a kai ta Gusau a yi hoto. Na aika wa maƙwabcinmu, shi kuma ya aika wani direban motar Shinkafi ya kira maigida, kuma a bakin asibitin na faɗa masa komai. Salati kawai ya yi, ya karɓe ta daga bayana.

A hoton na ga abin da idona, ɗan farin layi kwance a cikin ɗiyata. Kwana biyu ana jira, an ce in ya tsaya sai an yi aiki. A na uku ya fito, har yanzu a naɗe. Likita ya ce bayan ikon Allah ledar nan ce ta tsare hanjinta.

'Yan'uwana mata, duk abu mai kaifi da aka ce ku yar, ku yar, komai amfaninsa. In kuma an riga an yi ɓarnar, ku faɗa nan take. Faɗan miji na yini guda ne, ni kuwa saboda tsoronsa na sa ran yarinya cikin haɗari, na koya mata ɓoye ciwonta. Ranar da za a sallame mu, da babanta ya fita alwala, ta jawo hijabina ta raɗa mini a kunne: "Inna, kin gani ko? Ban faɗa wa Baba ba."