Taƙin Hala Dije

Hala Dije ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a kicin ina jiran ruwan shayi. 'Yarta Samira ce ta turo saƙon murya daga Madina. Da Larabci ta fara kamar yadda ta saba, sai da ta zo ƙarshe ta koma Hausa ta ce, "Anti Bilki, Ummi ta tafi." Har ruwan ya ƙafe a tukunya ban motsa ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na yi kuka har na gaji. Can kuma na tsinci kaina ina dariya ni kaɗai, hawaye na zuba. Duk wanda ya san Hala Dije ba zai ga laifina ba.

Ga waɗanda ba su san ta ba, mai ɗinki ce a unguwar Ƙuba. 'Yar Damagaram ce, tana goye aka kawo ta Madina, a can ta girma ta tsufa. Hala ba sunanta ba ne, haka 'yan can ke kiran 'yar'uwar uwa, mu ma muka bi sahu. Gajeruwa ce ƙwarai, bakinta kuma ya fi almakashinta kaifi.

A shekarun casa'in ina aiki a ɗakin magani na wani asibiti a can, shi ya sa ba ta taɓa kirana Bilki ba. "Saidaliyya" take ce min, wato kantin magani. Ba mai kantin ba fa, kantin da kansa.

Da na haihu ita ta fara sallama da kunun kanwa a fulas. Ta kashe min na'urar sanyaya ɗaki, ta ce mai jego ba kifi ba ce.

Amma abin da ya ɗaure ni da ita har abada bargo ne.

Shekarar da Baba ya rasu na je gida ta'aziyya. Ranar da zan dawo Inna ta kira ni ɗaki, ta miƙo min manyan rigunansa guda uku na shadda, fara da shuɗiya da mai ruwan ƙasa. Ta ce, "Ki kai su Madina ki ba mabuƙaci. Ladan can ya fi."

Na ce to. Na kawo su na sa a durowa, na kasa bayarwa. Duk ranar da na buɗe sai ƙanshin turarensa ya buge ni, in mayar in rufe. In na kira gida kuwa, kafin gaisuwa ta ƙare Inna za ta ce, "Kin bayar?" Ni kuma in ce ina neman wanda ya dace.

Ana haka muka je garin Yanbu wajen wani abokin maigidana. Matarsa Ba'amurkiya ce da ta musulunta. A kan gadonta na ga wani bargo da aka haɗa da ƙananan ƙyallaye, kowane gida an yi masa siffar mafici a buɗe, yanki bakwai, sirara daga ƙasa masu faɗi daga sama. Ta ce al'adarsu ce tun kakanni, da tsofaffin tufafin dangi ake yi, a ba wani a gida kyauta. Nan take zuciyata ta ce min, ga rigunan Baba, ga Inna da ke kukan sanyi.

Matar nan ta ba ni zanen a takarda, ta ce abu ne mai sauƙi. Na yafe mata, amma na daɗe kafin in yafe.

Ina dawowa na sa almakashi na farke rigunan uku gaba ɗaya. Ban yi shawara da kowa ba. Ni da ko maɓalli ne ya cire sai in kai wa tela!

Maficin farko kwana huɗu na yi a kansa. Da na gama ya ƙi kwanciya. Tsakiyarsa ta taso sama, gefe ya tattare, na danne shi da dutsen guga ya sake tasowa. A nan hankalina ya tashi. Sadakar ban yi ba, rigunan kuma babu su, hutuna saura sati shida, kuma Inna za ta dube ni ido da ido ta tambaya.

Ranar Alhamis na sa maigida ya kai ni Ƙuba.

Na ce, "Hala, bargo nake so in ɗinka, mai fanka."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Bargo na sanyi, fanka ta zafi. Zaɓi ɗaya, ya Saidaliyya."

Na ce ba fankar lantarki ba, mafici nake nufi. Na ciro aikina na miƙa mata. Ta juya shi, ta sake juyawa, sai ta kifa shi a kanta. Wallahi ya zauna daram.

"Wannan ai malafa ce. Wa zai tafi gona?"

Tana cikin dariya hannunta ya taɓa aikin wuyan rigar da ya rage a jikin ƙyallen. Ta ce wannan aikin hannu ne na da, ina na samo shi? Na gaya mata komai. Dariyar ta ɗauke.

Ta ce, "Amana kika yanka, ya binti, 'yata."

Na sunkuyar da kai.

"Halas, shi ke nan, tunda kin yanka sai mu ɗinke. Amma satin nan ki sayi jallabiya uku sababbi ki bayar da sunan mahaifinki. Kuma in kin je gida ba za ki yi wa tsohuwa ƙarya ba. In za ki yi, kwashe malafarki."

Na sayi jallabiyoyin na bayar. Ita kuma ta zaunar da ni ta koya min inda wahalar take, wato bakin maficin da ya lanƙwasa. Sai an kafe shi da allurai sun fi ashirin, a ɗan tsattsaga gefen, a bi a hankali, kowane layi a goge kafin a wuce. In na ja ƙyallen da ƙarfi sai ta buge min hannu ta ce, "Lallashinsa ake yi, ba mijinki ba ne."

Takardar Ba'amurkiya kuwa, naɗe ta ta yi ta dinga tofa ƙwallon dabino a ciki.

Gida ashirin da huɗu bargon ke buƙata. Ni ina unguwar Bani Harisa, ita tana Ƙuba, gari ne guda a tsakaninmu, ga dutin asibiti, ga shi lokacin mace ba ta tuƙi sai maigida ya samu sarari. Sai muka raba aikin, ita sha biyu ni sha biyu, kowa ya yi a gidansa mu haɗa daga baya.

Da na koma gida na tuna ban tambayi awo ba. Na kira ta a waya.

Ta ce, "Kowane gida taƙi biyu ta kowane gefe. Maficin taƙi ɗaya da rabi."

Na ce, "Santimita nawa ke nan, Hala?"

"Santi me? Ke ba ki da hannu ne?" Ta kife wayar.

Taƙi dai, ga yaran yanzu, shi ne ka buɗe hannu daga kan babban yatsa zuwa kan na tsakiya. Hala ba ta taɓa riƙe tef ɗin awo ba, ta ce na masu shakka ne. Ni kuma na buɗe hannuna na auna. Ni fa, wadda aikinta kullum shi ne auna magani kada ya wuce da ƙwaya ɗaya. Ko sau ɗaya ban tsaya na yi tunani ba.

Sati huɗu na yi ina fama. Yatsuna duk suka huje, har wata abokiyar aikina 'yar Masar ta ja ni gefe ta tambaye ni ko ciwon suga gare ni nake ɓoyewa. Maigida ya taka allura sau biyu, daga nan ya koma yawo da takalmi a cikin falo. Ga zafin Madina na tsakiyar bazara, ni kuma ina ɗinkin bargo. Maƙwabciyata ta leƙo ta gani, ta fita tana yi min addu'ar samun lafiya.

Saura kwana goma tafiyata na kwashi nawa na kai Ƙuba, ina ta jin kaina. Muka shimfiɗa su a ƙasa, nawa ɗaya nata ɗaya.

Jama'a, nawa kamar su suka haifi nata.

Kowane gida nawa ya ɗara nata da yatsu uku ta kowane gefe. Ba kusurwa ɗaya da ta haɗu da 'yar'uwarta.

Hala ta ce, "Me kika auna da shi, ƙafa?"

Na ce, "Taƙi biyu kika ce!"

"Taƙina na ce! Shekara arba'in ina auna mutanen Madina da shi ba wanda ya dawo min da kaya."

Ta kamo hannuna ta haɗa da nata, tafi da tafi. Nata ya tsaya a gaɓar farko ta yatsuna. Ta ɗaga kai ta dube ni ta ce, "La ilaha illallahu. Wannan ai na tsinkar dabino ne ba sai da tsani ba."

Samira tana gefe tana dariya har da riƙe ciki. Ni ma na fara, sai dariyar ta juye min kuka. Domin in aka rage nawa an yanke kawunan mafitan, in kuma za a ƙara nata babu abin ƙarawa. Rigunan Baba sun ƙare, abin da ya saura bai cika tafin hannu ba. Na zauna a ƙasa ina cewa na shiga uku, me zan ce wa Inna.

Hala ba ta lallashe ni ba, ba halinta ba ne. Tashi ta yi ta shiga ɗaki, muka ji tana jan akwatin ƙarfe. Ta fito da wani tsohon zanen saƙi, baƙi mai ratsin fari, ta ɗauki almakashi.

Samira ta yi tsalle. "Ummi! Hada hagg sitti!" Wato na kakarta ne. Ashe shi ne zanen da aka goyo Hala da shi tun daga Damagaram har Madina.

Na riƙe mata hannu na ce wallahi ba za ta yanka ba.

Ta fizge ta ce, "Sakar min, dogon hannu. Shi ya kawo ni, ya gama aikinsa. Shekara sittin yana akwati, bari ya koma gida ya huta."

Ta yanka shi siri-siri, faɗin abin da taƙinta ya gaza nawa, ta kewaye gidajenta sha biyu da shi. Sai ga su sun yi daidai da nawa cif. Kwana goman nan ta sallami masu kawo ɗinki, muka shimfiɗa auduga, muka sa shafi, muka bi shi da allura da hannu mu uku. Ana gobe jirgina muka ɗaure zaren ƙarshe.

Da na isa gida na shimfiɗa wa Inna shi a kan gado, na durƙusa na faɗi gaskiya tun daga farko, har da jallabiyoyin. 

Inna ta ɗora hannu a kan bargon. Ta dinga bin mafitan da yatsa. Ta tsaya a kan wani fari ta ce wannan ta Juma'a ce. Ta tsaya a kan shuɗi mai ɗan tabo ta ce nan ne garwashin turare ya faɗa masa, ta yi masa faɗa ranar.

Sannan ta ce, "Na ce ki ba mabuƙaci."

Na ce, "Ki yafe min, Inna."

Ta jawo bargon ta rufe ƙafafunta, a watan da kowa ke neman inuwa. Ta ce, "To ashe ni ce."

Can ta nuna baƙin saƙin ta ce wannan dai ba na Malam ba ne. Na ba ta labarin taƙi. Tun rasuwar Baba ranar ce aka fara jin dariyar Inna a gidan.

Da na koma na ba Hala labari ina share hawaye. Ta saurara tsaf, sannan ta ce, "Ta dai lura nawa sun fi kyau ko?"

Ganina da ita na ƙarshe shi ne shekarar da muka tattaro muka dawo gida gaba ɗaya. Ido ya fara yi mata rauni, ta daina hawa keke. Na je sallama, ta kamo hannuna ta haɗa da nata kamar ranar nan, ta ce, "Har yanzu bai koma daidai ba? Ki nemi magani mana, ke da kike Saidaliyya."

Ta raka ni har bakin ƙofa ba ta saki hannun ba. Ta ce in yafe mata bakinta. Sannan ta ce, "Ranar da kika ji na tafi kada ki ɓata lokaci da kuka. Addu'a za ki yi min. Kuma da naki taƙin za ki auna, ya fi tsawo."

Bayan rasuwar Inna bargon ya dawo hannuna. Ɗazu na ciro shi na shimfiɗa, na buɗe hannuna a kan gida ɗaya daga cikin nata. Na auna sau biyu, yatsana ya wuce shaddar Baba ya sauka a kan baƙin saƙin. Can na zauna har aka kira azahar.

Hala, na saɓa miki, na yi kukan. Amma addu'ar ga ta.

Ya Allah Ka gafarta wa Hadiza, Ka yi mata rahama, Ka yalwata mata kabarinta. Yadda ta yanka abin da ta fi so ta cike giɓin wata, Ka cike mata duk inda aikinta ya gaza. Ka haɗa ta da mahaifiyarta da Inna da Baba a Aljannar Firdausi, Ka ba Samira da 'yan'uwanta haƙuri.

Ku da kuka karanta har nan, don Allah ku sa ta a addu'a, ita da iyayenmu duka. Kada ku taƙaita. Ku buɗe hannu sosai.