Na Ce Da Bango Nake Magana, Ashe Rubutawa Suke

Shekarun baya, tun gwiwata ba ta fara ba ni labarin sanyi ba, wata jami'a a Riyadh ta ɗauke ni aron shekara ɗaya in koyar da Turanci. Sharaɗin a fili yake: wata ukun farko gwaji ne. In mudir, wato shugaban sashenmu, ya gamsu da ni, in ƙarasa shekarar. In bai gamsu ba, a buga min takardar fita in koma gida. Ni kuwa na riga na bi unguwarmu a Zariya gida-gida na yi sallama, har mahaifiyata ta cika min gwangwani da dambun nama. Kunyar a gan ni na dawo bayan wata uku ta fi komai tsaya min a rai.

Na sauka a unguwar Manfuha wajen abokina, direba ne da ya daɗe a can. Shi yake sauke ni a ƙofar jami'a kullum kafin ya wuce gidan kafilinsa, wato mai gidan da yake yi wa tuƙi.

Ajin da aka ba ni samari ne goma sha takwas, dukkansu Sinawa Musulmi, da 'yan fararen hulunansu. Karatun Larabci da addini ya kawo su, jami'a ta ce sai sun haɗa da Turanci. Ranar farko da na shiga suka miƙe tsaye gaba ɗaya, suka amsa sallama da Larabcin da ya fi nawa tsafta, suka zauna. Daga nan ban sake jin muryarsu ba.

Ni fa malami ne mai surutu, ban ɓoye ba. A gida in na fara ba da labari a aji sai an yi dariya har wani ya faɗo daga benci. A nan na juye duk abin da ke cikin buhuna. Na ba su labarin yadda mahaifiyata take dafa daddawa, da yadda ta kai ni firamare ranar farko ta tsaya a gindin darbejiya har aka tashi, don kada in gudu. Ko murmushi babu. Kawunansu a ƙasa, biyu na rubutu, can su ajiye biro wasu biyun su ɗauka. Na yanke a raina aikin gida na Larabci suke yi a gabana. In na yi tambaya sai su kalli tebur, kowa da fulas ɗin ruwan zafinsa a gefe.

A mako na tara mudir ya kira ni ofis.

"Ya ustaz, na wuce ta tagar ajinka sau uku, muryarka kaɗai nake ji. Nan da mako biyu, ranar Litinin, zan shigo in zauna. In ba su yi magana ba, halas, shi ke nan."

Na koma aji raina a ɓace. Na yi tambaya mai sauƙi, aka yi shiru. Sai na jefar da alƙalamin allo a kan tebur, na ce da Hausa, tunda na san ba mai ji: "Wallahi na gaji da ku. Da bango nake magana."

Da yamma na faɗa wa abokina. Maimakon ya tausaya min sai ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka. Kafilina yana neman direba na biyu." Ni da ko keke sai an riƙe min.

Saura kwana huɗu Litinin ɗin ta zo, abokina zai kai mai gidansa filin jirgi da sassafe, don haka muna idar da sallar asuba ya sauke ni. Sanyin Riyadh na shiga har ƙashi. Ina neman inda zan raɓe kafin a buɗe ofis sai na ji wani gunji daga bayan gininmu, irin na makarantar allo in karatu ya yi daɗi. Na bi sautin.

Su ne. Dukkansu goma sha takwas, a tsaye cikin sanyi tsakanin itatuwan dabino. Kowa ya ba ɗan'uwansa baya, wasu sun fuskanci bango kamar za su shige cikinsa, suna karanta Turanci da iyakar muryarsu. Na laɓe a bayan ginshiƙi ina saurare. Wanda ya fi kusa da ni yana cewa mahaifiyarsa ta tsaya a gindin bishiya har aka tashi daga makaranta. Na can gefe yana bayanin yadda ake wanke kalwa. Maganata ce, kalma bayan kalma, da karin harshena na Zariya, har da "to" ɗin da nake sakawa tsakanin jimloli ban sani ba. Tsigar jikina ta tashi, kuma ba don sanyi ba.

Monitansu, wanda ya fi su shekaru, shi ya hango ni. Ya zo ya miƙo min wani littafi mai kauri da hannu biyu. Da Larabci haɗe da ɗan Turanci ya yi min bayani. Sun raba lokacin darasi a tsakaninsu, mutum biyu su rubuta duk abin da na faɗa na 'yan mintuna, sai wasu biyun su karɓa. Bayan la'asar su zauna su gwada rubutun, su kwafe shi a littafi ɗaya. Da asuba su haddace. Haka suka taso suna yi tun suna yara, in ji shi, karatun safe da murya a sama.

Na ce, "To me ya sa ba kwa magana a aji?"

Ya ce, "Ustaz, a wajenmu ba a kawo wa malami abinci ɗanye. Muna jira ya nuna."

Ina buɗe shafuka sai idona ya faɗa kan wani layi da ba Turanci ba. Sun rubuta shi yadda kunnensu ya ji, amma na gane abina sarai. Na gaji da ku, da bango nake magana. A ƙarƙashinsa akwai rubutunsu na Sinanci.

"Wannan fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Mun kai wa wani ɗalibi ɗan Nijar a masaukinmu, ya fassara mana. Tun daga ranar muka ƙara awa ɗaya a karatun safe. Ka yi haƙuri da mu, ustaz."

Jama'a, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ni na yi musu rashin adalci, su ke ba ni haƙuri. Na tara su a wurin, na fara da neman afuwarsu, sannan na faɗa musu gaskiyar maganar mudir da abin da zai faru da ni. Na ce a garinmu ɗanyen mangwaro ma da gishiri muke cinye shi, don Allah ranar Litinin su kawo min abincin yadda yake. Suka kalli juna, suka yi 'yar magana da yarensu, monita ya ce, "In sha Allahu."

Litinin mudir ya shigo ya zauna a baya. Ya nuna wani dogo da ke kusa da taga, ya ce da Turanci, "Ba ni labarin mahaifiyarka."

Dogon ya miƙe. Ya ce, "To, mahaifiyata ba ta taɓa shiga aji ba." Jimlata ce. Na ce shi ke nan, yanzu Basine zai ce uwarsa daddawa take sayarwa a Zariya, asirina ya tonu.

Sai ya ci gaba. Ya ce taliya take ja da hannu tana sayarwa a wani ƙaramin gari tsakanin duwatsu. Ya ce ranar da zai taho ta raka shi tasha cikin ƙanƙara, ta tsaya a gindin bishiya har motar ta ɓace. Ya yi tuntuɓe sau biyu, ya tsaya, ya nemo kalma, ya ɗora. Tubalin nawa ne, amma ɗakin da ya gina nasa ne. Yana zama na ga hannaye a sama, kowa yana so ya ba da labarin tasa uwar. Ni dai na juya ina goge allon da babu rubutu a kansa, don kada mudir ya ga idona.

A ƙofa mudir ya riƙe hannuna ya ce, "Ma sha Allah. Amma wannan 'to' da suke ta cewa, Turancin ina ne?" Na ce masa na Zariya ne. Ranar ya sa hannu a takardata.

Na ƙarasa shekarar. Da zan tafi suka ba ni littattafan, sun kai uku, duk surutuna na shekara guda a ciki. Da na dawo gida na zauna a tabarmar mahaifiyata ina karanta mata wurin da aka ambace ta, ina fassarawa. Ta yi dariya ta ce ashe har Sin an san daddawarta. Sai na nuna mata wancan layin na bango, na faɗa mata yadda aka yi. Sai ta ce:

"Dama can ana rubutawa, ɗan nan. Wannan karon ne kawai aka nuna maka littafin."

Allah ya yi mata rasuwa bayan 'yan shekaru. Har yau ina koyarwa, har yau ina haɗuwa da aji mai shiru, kuma wani lokacin raina yakan ɓaci. Amma duk sanda magana ta zo min baki, sai in tuna samarin nan a tsaye cikin sanyi suna fuskantar bango saboda ni, in haɗiye abata.