Akwatin Ƙwarin Kawu

Jiya na buɗe wani tsohon akwati, warin kafur ya daki hancina, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Ƙwari yake tarawa. Fara, buzuzu, ƙoƙi-ƙoƙi, duk ya kashe su da kalanzir, ya soke kowanne da ƙayar aduwa a kan kwali, ya sa kafur, ya rufe da gilashi. Shekarar da albasarmu ta ƙone a fadamar Aliero, aka ce shi ya ɗaure mana ita da waɗannan ƙwari. Da hantsi muka faɗa masa gida da sanduna. Ni ne a gaba, ni ɗan ƙanwarsa, da gemuna.

Na kai wa gilashin duka, shi kuma ya kife a kansa. Sandar ta sauka a ƙeyarsa. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Jini ya gangaro ta bayan kunnensa yana ɗiga a kan fukafukan fara, mutane suna tattake sauran.

Bai zage ni ba. Ya lalubo wani guntun kwali mai ɗauke da ƙwaro kamar ƙwayar gero, ya miƙo mini.

"Ɗana, wanga shi ac ci albasakku. Sau ukku ina kiran ka ka zo ka gane shi, kac ce ba ka da lokaci."

Tun daga ranar kunnen nan bai ƙara ji ba. Duk gaisuwar da zan yi masa, sai ya juyo mini da ɗayan, yana murmushi.

Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu. Ya sa ka yafe mini tun kafin na iske ka.