Kyalla da Tukwanen Mama Ladi

Wata safiya a watan Disamba na 1991, lokacin da gwamnati ke kwaso kayanta daga Legas zuwa sabon babban birnin tarayya, ina kiwon akuyata Kyalla a bakin hanyar Durumi sai ga jerin manyan motoci da jiniya. Kyalla ba ta taɓa jin irin wannan ƙara ba. Duk da tsohon cikinta, ta fizge igiya ta ranta a na kare. Daidai nan Mama Ladi, maƙwabciyarmu mai ginin tukwane, ta ɓullo za ta kasuwa. Matan Gbagyi irinta ba sa ɗaukar kaya a ka, a kafaɗa suke ɗorawa, don haka masakin tukwanen ya tare mata gefen da akuyar ta fito. Suka yi karo, tukwane suka tarwatse, ƙafar Kyalla ta karye.

Na yi kuka har da majina, don na san halin Baba, ba ya kwana da haƙƙin wani. Kafin azahar ya ce a kai wa mahauci Kyalla a biya tukwane. Ni kuwa ita ce dukiyata kaf a duniya, kakata ta ba ni ranar da muka baro ƙauye.

Mama Ladi ce ta tare ƙofa. Ta ce da Baba, "Malam, akuya ba shi da laifi, ni ma ba ni da laifi. Mai laifi ya wuce da jiniya. Asara ya faɗo tsakanin gida biyu, kowa ya kama gefe."

Haka aka yi. Ita ta yi wa Kyalla ɗori da karan dawa da tsumma. Ni da ƙannena kuma aka ce mu riƙa ɗebo mata yumɓu a rafi har ta mayar da abin da ta rasa. Wai horo ke nan! Mu da aka daɗe ana hana mu zuwa rafi, faɗuwa ta zo daidai da zama. Mun sha iyo, mun kama ƙaguwa, mukan dawo buɗu-buɗu Inna na faɗa muna ƙunshe dariya. Da Kyalla ta tashi haihuwa, tana ɗingishinta, sai ta zubo tagwaye. Baba ya aike ni da ɗaya gidan Mama Ladi, ta saɓa shi a kafaɗa tana rawa.

Yanzu a unguwar Gwarinpa, da mota ta ɗan gogi mota, sai kowa ya fito yana "Ka san ko ni wane ne?" Rafinmu an yi gini a kansa, Mama Ladi ta daɗe da rasuwa, ina kewarta. Randar da ta gina mini da yumɓun da na ɗebo tana nan a ɗakina. Ban sake ganin asarar da kowa ya ci ribarta irin wannan ba.