Ranar da Baba Ya Ɗaura Harami Ya Juya wa Makka Baya

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, ko ruwan shayi ba mu sa a ciki ba. Mu uku ne a motar: ni a kan sitiyari, mijin ƙanwata a baya rungume da jakar takardunsa, sai Baba a gaba, wanda muka biya unguwar Hindawiyya ta nan Makka muka ɗauka. Umma ta rako shi har bakin mota da wata ƙatuwar kula cike da ƙanƙara, ta ce kada mu kuskura mu dawo mata da ita babu nama, domin ta riga ta daka yajin kilishi.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da mu. Mijin ƙanwata mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne a unguwar Rusaifa, mutum mai sanyin hali, amma in sha'awar abu ta kama shi, sai dai addu'a. Bana farauta ce ta kama shi. Ya yi wata da watanni yana bin takardu har ya samu lasisi, ya sayi bindiga mai sakata, irin wadda bayan kowane harbi sai ka ja ƙarfen gefenta baya kamar mai buɗe ƙofar zaure, ta tofar da kwanso, ka tura wani harsashin. Bindigar ba ta taɓa kwana a Makka ba, don garinmu ko tattabara ba a firgitawa balle a yi harbi. A wata gona take ajiye can gaba da Ɗa'ifa, inda ake kiwon barewa, mai izini ya biya ya harbi guda. Ba a ma saita ta ba tukuna, shi kuwa ya rantse ba mai saita masa sai Baba.

Laifin Baba ne. Tun kafin a haife ni yake ba mutanen Hindawiyya labarin farautarsa a dajin Ningi da bindigar adaka: yadda yake auna albarushi a tafin hannu, ya danna da tsumma, kuma bai taɓa yi wa barewa harbi biyu ba. Jikokinsa da Hausarsu ba ta wuce "ina kwana" ba, duk sun san kalmar albarushi. Abin da mijin ƙanwata bai sani ba, ni na sani: idanun Baba sun tafi. Shekara biyu ke nan ina kallonsa yana tsiyaya shayi a gefen kofi, yana gane mutane da murya. Sau ɗaya na ambaci asibiti, ya yi sati bai amsa gaisuwata ba, sai na ja bakina na yi shiru. Saboda haka tun da muka bar gida nake cewa a raina yau za a tozarta tsohon nan a gaban surukinsa.

Ta hanyar Hada muka hau, wadda ke nannaɗe dutse har kunnenka ya toshe. Hazo ya sauko, sanyi ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa. A wata kwana muka tsaya muka sayi gurasar tamis mai zafi da dafaffen waken ful, muka baje a kan bonet. Birran Hada kuwa kun san halinsu, ba sa roƙo, karɓa suke yi. Wani ƙato ya diro ya sure rabin gurasar daga hannun mai bindiga, ya koma kan ƙarfen titi ya zauna yana ci yana kallonsa. Na ce, "Maharbi, tun ba a je ba an ci ka ɗaya." Baba ya yi dariya, amma na lura ko loma uku bai yi ba.

Da muka kai miƙatin da ke saman dutsen, inda masu shiga Makka ta wannan hanya suke ɗaura harami, Baba ya ce in tsaya zai kama ruwa. Ya ɗauki wata leda da ban san da ita ba ya shige. Muka jira, muka jira. Can sai ga wani tsoho ya fito cikin fararen tawul biyu, kai a buɗe, kafaɗu na rawar sanyi, yana laluben motoci ɗaya bayan ɗaya. Sai da ya dafa tamu na gane ubana ne.

Ya shiga ya zauna ya ce, "Na yi niyyar Umra. Mu je."

Mijin ƙanwata ya ce, "Baba, mu je ina? Makka tana bayanmu fa."

"Ai ba gudu za ta yi ba. Mu je ku yi farautarku, in mun dawo na yi."

Jama'a, tunda nake ban taɓa ganin wanda ya ɗaura harami ya juya wa Makka baya ba sai ranar. Mijin ƙanwata ya rikice, yana ta cewa, "Amma Baba, mai harami ai ba ya farauta!" Baba ya girgiza kai cikin jimami kamar yanzu ya tuna, ya ce, "Ashsha! Haka ne fa. Ko nuna dabba bai halatta gare ni ba. To ya za a yi, an riga an ƙulla." Na dubi titi na danne dariya, sai kuma na gano abin. Tsohon nan ya kwana yana neman mafita, kuma wannan ce kaɗai ya samu.

A Ɗa'ifa muka saya masa bargo, muka ƙara da ɗan kwandon rumman wanda tsadarsa ta sa na tambayi mai sayarwa ko da bishiyar ya haɗa. Daga nan ƙasa ta miƙe, duwatsu suka koma baya, sai tsakuwa da gajerun ƙayoyi da raƙuma nan da can. Hantsi ya ɗaga sosai muka isa gonar.

Mai kula da bindigogin wurin wani Balarabe ne siriri mai furfura, ba ya son yawan magana. Shi yake ɗura harsashi da hannunsa: ya wanke tsohon kwanso, ya auna albarushi a ɗan sikeli irin na masu sayar da zinariya, ya danna kan harsashin. Ya jera mana kashi uku, ya shafa wa gindinsu ja da kore da baƙi, kowane da nauyin albarushinsa, ya ce sai an gwada a ga wanda bindigar ta fi so. Baba ya karɓi ɗaya yana juya shi a yatsu. Ya ce, "Wato yanzu har sikeli ake sa wa abin. Mu da tafin hannu ne, in ya yi yawa kafaɗarka ta ba ka labari."

Aka ɗaura wa bindigar madubin hange, aka ɗaure kusoshinsa, aka ɗora ta a kan buhun yashi, aka kafa takarda mai baƙin ɗigo can nesa. Mijin ƙanwata ya zauna, ya yi bisimilla, ya harba jajaye uku. Ɗaya ya taɓa gefen takarda, biyu Allah kaɗai ya san inda suka nufa. Ya ce madubin ne, aka murɗa. Ya harba koraye, ƙura ta tashi a gaban allon. Ya ce albarushin ne. Balaraben ya dube shi kallo ɗaya ya ci gaba da jan carbinsa. Da baƙaƙen ma suka watse, sai gumi ya karyo masa duk da sanyin nan.

A nan ne ya juyo da ladabinsa ya ɗana wa Baba tarko ba tare da ya sani ba. Ya ce, "Baba, ku taimaka ku gwada mana. Takarda ai ba dabba ba ce." Balaraben ya gyaɗa kai ya ce ƙwarai, mai harami ya harbi takarda babu komai a kansa.

Wallahi na ji tsoro. Baba ya tashi a hankali, ya gyara tawul, ya zauna a bayan bindigar. Yadda ya kwantar da kumatunsa a jikinta kaɗai ya isa ka san hannu ya san abin. Mijin ƙanwata ya ruga ya canza takarda. Baba ya daɗe da ido a madubi, sannan ya ce da ni ƙasa-ƙasa, ba tare da ya ɗago ba, "Kai, ta wane gefe takardar take?"

Tausayinsa ya kama ni, kunyar kaina ta fi.

Kafin surukinsa ya ƙaraso Baba ya riga ya miƙe. Ya ce, "Bindigar nan lafiyarta ƙalau, ba sai na ɓata harsashi ba. Zo ka zauna." Ya ja Balaraben gefe suka yi ƙus-ƙus da Larabcin Baba mai ɗanɗanon Ningi, mutumin ya shiga ɗakinsa ya fito ya damƙa masa wani abu. Baba ya ɗura bindigar da kansa, da lalube, ya tura sakata, ya tsaya a bayan surukinsa ya ɗora tafin hannu a tsakiyar bayansa. Ya ce, "Harba."

Mijin ƙanwata ya ja kunama. Ƙyas! Babu ƙara, babu hayaƙi, amma sai ga mutum ya runtse ido, ya zabura, bakin bindiga ya yi ƙasa kamar an harbo shi ne. Ashe harsashin wofi Baba ya sa a yi masa, ba albarushi ba komai. Balaraben da tun safe bai yi murmushi ba ya tuntsire da dariya har carbinsa ya faɗi.

Baba ya ce, "Ka gani? Tsoron ƙarar kake, tun kafin ta tashi ka gudu. Ba madubi ba ne, ba albarushi ba ne, kai ne." Ya yi ta cakuɗa masa na wofi da na gaske, hannunsa na bayansa, yana cewa saki numfashi, kada ka fizga, matsa a hankali kamar mai tatsar akuya. Kafin azahar korayen nan uku suka shiga wuri ɗaya, tafin hannu ya rufe su. Aka murɗa madubi kaɗan, suka hau kan ɗigon. Aka tsayar da magana a kan kore.

Bayan mun ci shinkafa da kaza mun yi la'asar, Balaraben ya kai mu bayan wani tudu da ke kallon kwamin da barewa ke shan ruwa, ya ce mu zauna shiru, zai dawo. Baba ya ce zai bi mu amma a matsayin kaya, ba zai ce uffan ba. Muka kwanta rub da ciki, ni da mai bindiga, muka zuba wa kwamin ido. Baba na zaune a bayanmu cikin bargo.

An jima sai na ji ya damƙi ƙafata. Na waiga kaɗan, na ga fuskarsa ta yi wani iri, leɓɓansa na motsi, kamar wanda ya haɗiyi barkono a gaban baƙi. Na ce a raina sanyi ne. Ya ƙara matse ni har na ji zafi. Sai kawai ya ɓarke da "Labbaika Allahumma labbaik" da ƙarfinsa. A take muka ji tsakuwa ta watse a bayanmu. Kafin mu juya, sai fararen gindi muka hango suna shigewa cikin ƙayoyi.

Mijin ƙanwata ya dafe kai. "Baba! A bayanmu suke?"

"Tun ɗazu. Su uku, ɗaya tana ɗingisa ƙafar baya. Kun kwanta kuna gadin kwami, su kuma suna tsaye suna kallon ƙeyarku. In na faɗa na yi laifi, in na yi shiru zuciyata za ta fashe. Sai na kama abin da ya halatta."

Da Balaraben ya dawo ya duba sawu, ya ɗaga yatsu uku, sannan ya nuna inda ƙafa ɗaya take jan ƙasa. Ya tambayi Baba yaya aka yi ya gan su alhali bai juya ba. Baba ya ce ai ba da ido kaɗai ake farauta ba. Mutumin ya kama kan Baba ya sumbata. Barewa kuwa ba su sake dawowa ba har rana ta faɗi.

A gonar muka kwana, da safe muka bar bindigar a ma'ajiyarta muka juyo. A miƙati ni da mijin ƙanwata muka ɗaura namu haramin don mu raka shi. Muka ajiye mota a tashar Kudai muka hau bas zuwa masallaci. Muna sauka filin ɗawafi, cikin turmutsutsun nan, Baba ya tsaya cak. Bai rage murya ba, bai kuma juya wa surukinsa baya ba. Ya ce, "Ku riƙe ni ku biyun. Ɗakin Allah ma baƙinsa kawai nake gani."

Na kai hannu, sai na tarar mijin ƙanwata ya riga ni kama ɗaya hannun. Idonsa ya cika da ƙwalla. Haka muka zaga bakwai, muka yi Safa da Marwa, aka yi mana aski.

A gida Umma ta buɗe kula ta tarar da ruwan ƙanƙara da rumman shida suna iyo. Ta ce, "Ina naman?" Baba ya ce, "Umra muka kawo miki." Ta ce to a daka a zuba mata yaji.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba daɗi gare shi ba. Shekara biyu ina rufa wa Baba asiri ina kiran abin ladabi, alhali tsoron fushinsa nake, na bar shi yana laluben duniya shi kaɗai. Da na yi masa maganar asibiti a wannan karon bai yi fushi ba. Ranar Lahadi muka tafi, likita ya ce yanar ido ce ta rufe idanun, kuma ana cirewa, ɗaya bayan ɗaya. Ya tambaya da wanne za a fara.

Baba ya ce, "Da na dama. Da shi ake saiti."