Shafi Huɗu na Dangin Baba

Ƙarfe bakwai da minti ashirin na safiyar wata Talata jandarma biyu suka yi sallama a ƙofar gidanmu. Na san lokacin don na rubuta shi a bangon kayena, littafin rubutuna na makaranta, yadda na saba rubuta lokacin komai. A Maraɗi ya kamata safiyar ta same ni, cikin aji. Amma shekarar gwamnatin riƙon ƙwarya ce, in malamai sun dawo daga yajin aiki sai ɗalibai su tafi. Lise, makarantarmu ta sakandare, a rufe, ni kuwa ina ƙauyenmu, kudu da Gazawa.

Laifin baba bijimi ne. Ya saye shi a kasuwa don huɗa, ta hannun dillali, rana tsaka. Bayan wata uku wani makiyayi ya gane tsagar kunnensa, ya ce daga garkensa aka sace shi. Gaskiyarsa ne. Aka mayar masa da bijiminsa, dillali ya yi ɓatan dabo, baba kuma aka kai shi gidan kaso. Alƙali mai bincike ya ce ba shari'a sai an kamo dillali. Wanda zai kamo shi bai ga albashi ba tun kaka.

Ana cikin bazara. Baba ne kaɗai namiji babba a gidan, kuma gero ba ya jiran kotu. In ruwan shuka ya sauka yana ciki, shekararmu ta tafi.

Wani maƙwabci da ya taɓa aikin soja ya ce akwai abin da ake kira sakin talala, wanda ƴan Najeriya ke ce wa beli. A rubuta wa alƙali takarda, a nuna masa mutumin ba mai gudu ba ne, sai ya bar shi ya jira shari'a a gida. Aka waiwayo kaina. Shekara goma sha ɗaya ana sayar da wake ana saya mini littattafai, ga ranar biyan buƙata.

A wurinmu, in ana son a nuna mutum ba ɗan iska ba ne, danginsa ake lissafawa. Haka muka yi. Na zauna a tabarma da takarda da bik na rubutu, inna da goggo suka sa ni tsakiya.

"Kin sa kawunki na ƙasar Katsina?" in ji goggo, yayar baba.

"Na sa, goggo."

"Wane daga ciki? Su huɗu ne. Sa su duka. Alƙalin nan ya san ba daga kogon kuka muka faɗo ba."

Inna ta ce kada a manta gonar da baba ya gada ta wajen mahaifiyarsa, wadda ke wancan ƙetaren iyaka. Na sa ta. Don in nuna himmarsa, na ƙara da cewa sau biyu a mako yake zuwa can da amalanke ta hanyar daji, ko ruwa ko iska, kuma ba lungun da bai sani ba tsakanin nan da can. Goggo ta tuno da mijin ɗiyarta, direban da ke tsallakawa kullum da motar kaya.

"Wannan ko tsakar dare babanki ya ce zo ka ɗauke ni, zai zo. Rubuta."

Na rubuta, da Faransancin da ya taɓa ciyo mini yabo a gaban aji. Shafi huɗu. Na kwafe sau uku don kada a ga goge ko ɗaya. Rediyo kullum yana cewa zamanin danniya ya wuce, yanzu kowa da ƴancinsa, ni kuma na yarda, don ban taɓa jin rediyo ya ce yi haƙuri na yi kuskure ba.

Bayan kwana goma sha biyu amsa ta fito, layi uku. An ƙi, saboda babu tabbacin wanda ake tuhuma zai kawo kansa idan an neme shi.

Ranar da na je karɓo takardar, a garin da kotun take, na haɗu da wanda ake tuhumar a kasuwa. Yana tayin tattasai, da kwando a hannu, ba kowa a bayansa.

"Baba! Kai kaɗai?"

"To da wa? Mai gadin, ƙafa ke mashi ciwo."

Ashe tun mako na biyu shugaban gidan kaso ya lura baba ba ya ha'inci, sai ya danƙa masa cefanen gidansa da kiwon raguna biyu. Da safe a buɗe masa, kafin la'asar ya dawo a ƙirga shi. Ya ce ran nan ya tarar da ƙofa a kulle, mai gadi ya tafi masallaci, sai da ya zauna a gindin bedi ya jira aka zo aka shigar da shi. Daga inda muke tsaye ana hango tashar motoci. Na karanta masa layukan nan uku, na fassara. Ya gyaɗa kai.

"Alƙali ya fi mu sani. Irin gero fa, an fiddo shi an duba? Ki ce ma innarki ta duba na rumbun gabas, ɓera ya taɓa shi bara."

Na koma gida na bi takardata kalma bayan kalma da ƙamus. Ban ga abin da na yi ba. Sau uku ina zuwa kotu da niyyar tambaya. Sai in zauna a benci gaban buron magatakarda, in haddace abin da zan ce, in an ce "mai bi" sai in bar wani ya wuce. Na uku ma na tarar da su suna yajin aiki, kuma Allah ya yafe mini, daɗi na ji.

Daren wata Lahadi ruwa ya sauka. Da gari ya waye duk ƙauyen ya fita da sungumi. Inna da goggo suka shuka abin da suka iya, bai kai rabin gona ba. Goggo ta dawo da laka har gwiwa, ta dube ni da littafi a hannuna. Washegari na shiga motar farko.

Magatakardan dattijo ne mai furfura, ya ga alƙalai sun zo sun wuce tun zamanin soja. Na shiga kafin tsoro ya riske ni, na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya jawo fayil, ya fito da shafukana.

"Ke kika rubuta wannan, ɗiyata?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Alƙali ya karanta mana ita a nan. Ya ce tun da ya fara aiki ba a taɓa kawo mashi hanyar gudu a tsare haka ba. Ga masauki huɗu, ga gona, ga hanyar daji, har da direba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Ai kullum yana fita kasuwa shi kaɗai, kuma yana dawowa."

"Wannan ba ya cikin fayil. Kada kuma ki sa shi, sai a hana shi fitar."

"To mi zan rubuta, baba? Duk abin da na sa gaskiya ne."

Amsar da ya ba ni ita ta fito da baba ana tsakiyar noman farko, a kan ɗan yankin gonar da aka samu shukawa. Ya miƙo mini farar takarda guda ɗaya, ya ce:

"Gaskiya ce, amma ta yi yawa. Layi biyar za ki yi. Gida ɗaya, gona ɗaya, mata ɗaya, da sa hannun maigari. Dangin wancan ƙetaren ki bar su su huta. In ya fito, sai su koma danginsa."