Tayar Gaban Keken Kawu

A shagona na unguwar Nkembo a Libreville akwai wata tsohuwar tayar keke rataye a bango, sama da buhunan shinkafa, da sarƙa da kwaɗo a jikinta. Duk wanda ya tambayi labarinta, abin da ya zo bakina nake faɗa masa. Na taɓa ce wa wani da ita na yi tsere da jirgin ƙasa na wuce shi. Wata mata kuma na ce mata maganin ɓarayi ce da aka kawo mini daga Agadas, har ta nemi in sayar mata. Matata ta ce ranar da zan faɗi gaskiya a kan tayar nan za ta yanka kaza. To, sai ta fara wasa wuƙa.

Tayar ta keken Kawu ce. Ba ƙanen mahaifiyata ba ne, abokin mahaifina ne, mutumin Garwa, amma tun ina rarrafe haka aka ce in kira shi. Yana da ɗaki ɗaya a bayan gidanmu, iyalinsa suna can Kamaru. Sana'arsa talla a keke: turare, agogo, madubi, zare da allura. Yakan loda su a akwatin katako a kan kariyar bayan keken, ya bi bakin teku ya wuce filin jirgi, har can inda yanzu ake kira Akanda. A lokacin babu waɗannan benaye na Angondjé, sai jar ƙasa da gidajen katako da sauro masu girman tantabara.

Libreville ba garin keke ba ne. Tudu ne da gangare, ruwan sama kuwa sau tara a mako, direbobin taksi kuma suna kallon mai keke kamar kuskure ne da ya kamata a gyara. Amma Kawu ya yi shekaru yana yawo a kan baƙin kekensa ba a taɓa bige shi ba, ba a kuma taɓa sace masa ko famfo ba. Da na gama makaranta na shiga taimakon mahaifina a shago, sai na sayi nawa keken na hannu, Kawu ya mai da ni ɗalibinsa ba tare da na nema ba.

Karatun nasa ba shi da yawa, maimaitawa ce ke da yawa. Ya ce kada in kuskura in yi wa keke fenti mai ƙyalli, keke mummuna ya fi daɗewa a hannun mai shi. Ya ce sarƙa ta cikin ƙarfen jikin keke ake zura ta, a haɗa da tayar baya, a ɗaure a jikin abin da ƙato biyu ba za su iya ɗagawa ba. In kuma zan ajiye, in ajiye inda akwai mai talla a zaune, in gaishe ta, in sayi gyaɗa ko ta dala ce, domin idon wadda ka gaisa da ita ya fi kwaɗo. Tasa sarƙar kuwa, wallahi da za a kai ta tashar jiragen ruwa ta Owendo za ta riƙe jirgi.

A kan fitila ya fi tsanani. A garin nan rana ba ta sallama, kana ganin ta ja a kan teku, kafin ka gama alwala duhu ya rufe. Kekensa yana da dinamo, wannan 'yar kwalbar ƙarfe da ke goga jikin taya tana ba da wuta, amma bai yarda da shi shi kaɗai ba, don yana zamewa in taya ta jiƙe, yana kuma dusashewa a kan tudu, daidai inda ka fi bukatarsa. Sai ya ɗaura tocila a kan keken da robar tsohon tub, a baya ya manna jan gilashi, ya kuma sa farar riga in ya san magariba za ta same shi a hanya.

Sai abinci. A bayan sirdinsa akwai wata 'yar jakar fata da ba ta rabuwa da dabino da gyaɗa, wani lokaci da ayaba biyu, ga gorar ruwa a akwati. Yakan ce mai keke tun kafin ya ji yunwa yake ci, kaɗan kaɗan, yana tafiya, domin yunwa ce ke sa mutum ya tsaya inda bai shirya tsayawa ba. Ni kuwa dariya nake yi, in ce Kawu yana shirin zuwa Makka ne a ƙafa alhali filin jirgi zai wuce. Shi kuma ya ce da ni ɗan boko, kai da cikinka ba za ku yi nisa ba.

Da aka karya darajar sefa, komai na waje ya tashi kamar an watsa masa yis. Taya, tub, kwan fitila, batirin tocila da muke kira pil. Mutane suka daina sayen turare. Kawu ya koma cika tsohuwar taya da faci har ta zama faci ne da ɗan taya a jikinsa. Ni kuwa da pil ɗin tocilata ya mutu, na tafasa shi, na shanya shi a rana, na cije shi da haƙori, ya ƙi tashi, na ce to Allah ya ji ƙansa, na ci gaba da yawo ba fitila.

Ba mu gama farfaɗowa ba, shekara ta zagayo, aka yi shela cewa duk baƙon da ba shi da katin zama, seju kamar yadda muke cewa, ya gyara takardunsa kafin wa'adi ko ya bar ƙasar. Aka sa kontorol, wato shingen binciken takardu, a kowace mahaɗa. Unguwarmu ta koma kamar gidan makoki da ake gwanjo a cikinsa, ana sayar da katifa da rediyo da tukwane a ƙofar gida. Ni a nan aka haife ni, takarduna na nan ne, Faransancina na makaranta ne, saboda haka abin bai shiga jikina ba. Har barkwanci nake yi da shi a majalisa. Kawu kuwa yana cikin 'yan kaɗan da hankalinsu ke kwance, domin katinsa na gaskiya ne, ya sha layi da rana kafin ya same shi, kuma da sauran kwanansa.

Wata ranar Laraba, azumi yana ƙaratowa, mahaifina ya ba ni turamen atamfa in kai wa wata mai ɗinki can gaba da filin jirgi. Taksi a kwanakin nan sai ya tsaya sau goma ana duba fasinjoji, na kuma san in na ɗauki kekena duhu zai kama ni a dawowa. Kawu yana kwance kwana uku da zazzaɓi. Na tsaya a ƙofarsa na yi sallama sau biyu, na ce zan ari keke. Bai amsa ba. Na ce a raina shiru ma amsa ce, na zare makulli daga ƙusar da yake rataye shi, na sauke akwatin, na ɗaura atamfa, na fice. Ban ci komai ba tun kokon safe, don na san akwai dabino a jaka.

Na kai saƙo lafiya. A dawowa, wajen la'asar sakaliya, cikina ya fara kiran sunana da na kakannina. Na tsaya gindin wata bishiya na buɗe jakar sirdi. Babu dabino, sai ƙwallaye uku da ɓawon gyaɗa, mai jakar ai ya kwana uku bai fita ba. A ƙarƙashinsu akwai wata leda a naɗe, an ɗaure ta da roba. Na warware. Katin zaman Kawu ne, ga hotonsa yana hararata. Ashe a nan yake ajiye shi, saboda ɗakinsa yana yoyo, kuma shi ba ya fita ko nan da can sai a kan keken.

Na riƙe katin nan a hannuna. Na yi tunanin in sa a aljihu, sai na ce in aka tare ni a kontorol aka ga katin wani a jikina, sai dogon bayani. Na naɗe shi yadda na same shi, na mayar.

Da na shigo gari, a gefen unguwar Derrière la Prison, ƙamshin kupe-kupe ya kama ni ta wuya, wannan gasasshen nama da ake datsawa a zuba cikin burodi. Mai naman yana cikin wani lungu da keke ba zai shiga ba saboda kwata da cunkoso. A bakin titi akwai turken ƙarfe, akwai kuma wata tsohuwa mai sayar da ayaba can gaba kaɗan. Ban ƙarasa wurinta ba, ban gaishe ta ba. Sarƙar nan mai nauyi, zura ta cikin jikin keke da tayar baya sai an durƙusa, ni kuwa minti biyar kawai zan yi. Na zura ta a tayar gaba, na zagaye turken, na danna kwaɗo. Na manta cewa Kawu ya sa wa tayar gaban noti mai kunnuwa, wanda ake kwancewa da yatsu, don sauƙin faci a hanya.

Mai naman ɗan Maraɗi ne da na sani, ga mutane ana hira, na samu masu saurare. Minti biyar ya zama labari uku. Da na fito ina sakace, turke yana nan, sarƙa tana nan, kwaɗo a kulle, taya tana tsaye ita kaɗai.

Na zaga lungunan nan har aka kira magariba. Tsohuwa mai ayaba ta ce ta ga wani ya saɓa keke a kafaɗa, ta ɗauka nasa ne ya lalace. Na buɗe kwaɗon daga turke, na sake kulle shi a jikin tayar don sauƙin ɗauka, na rungume ta zuwa gida. A hanya na shirya labari: ƙarti biyar ne da adduna, na yi kokawa da biyu, na ƙwaci taya da ƙyar.

Na tarar da Kawu zaune a tabarma a ƙofar ɗakinsa, lulluɓe da bargo, mahaifina a gefensa. Na zuba labarina har da nuna yadda na kauce wa adda. Kawu bai katse ni ba. Ya karɓi tayar, ya juya ta, ya shafa wayoyinta inda sarƙa ta goge tsatsa.

"Ɗan nan, 'yan fashinka masu ladabi ne," in ji shi. "Har sun jira ka ɗaure musu tayar gaba."

Ba wanda ya yi dariya. Kawu ya dubi mahaifina ya ce masa seju ɗinsa yana cikin jakar. Mahaifina ya yi salati, ya juyo gare ni zai yi magana, Kawu ya ɗaga hannu.

"Bar shi, Alhaji. Bai san yana ciki ba."

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, na sunkuyar da kai na bar maganar ta tafi a haka.

Mun yi iya ƙoƙari. Na raka shi komisariya, ofishin 'yan sanda, muka yi takardar ɓatan kaya, ni na rubuta masa wasiƙa da Faransancin da ya fi kowanne tsabta a rayuwata. Muka je ofishin takardu tun asuba kwana huɗu a jere, layi ya kai inda ido ba ya kaiwa, kowa da irin labarinmu, na gaskiya da na ƙarya, wa zai bambance? Na bi masu gyaran keke na kasuwar Mont-Bouët ɗaya bayan ɗaya ko zan ga jakar. Wa'adi yana matsowa. Rana ta biyar Kawu, da zazzaɓi bai gama sakinsa ba, ya ce shi ba zai jira a ɗora shi a bayan mota kamar buhun gawayi ba, da ƙafarsa ya zo, da ƙafarsa zai koma. Ko da katin ya fito, in ji shi, da wane keke zai yi talla, a wannan tsada? Na ce ya ɗauki nawa. Ya ce nawa ko akuya ba za ta hau ba.

A farkon azumi muka raka shi tashar motocin arewa. Na sayo masa dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli, na cika leda, na haɗa da gorar ruwa. Ya leƙa ciki ya ce ashe karatu ya fara shiga. Sannan ya ciro makullin kwaɗon daga aljihu ya danƙa mini, ya ce in riƙe masa taya, zai dawo in ƙura ta lafa. Na buɗe baki, na rantse na buɗe, amma abin da ya fito shi ne wai ya gaishe mini da 'yan matan Garwa. Ya ce Allah ya shirye ni. Mota ta tashi.

Bai dawo ba. Wasiƙa biyu ya aiko, ta biyun yana tambaya ko na sa wa kekena fitila. Na amsa masa da shafi uku na barkwanci, ban sa layi ɗaya da ya kamata in sa ba. Bayan wasu shekaru wani mai kawo albasa daga Garwa ya yi wa mahaifina ta'aziyyarsa a ƙofar masallaci.

Yanzu likita ya ce tumbina ya kusa samun nasa katin zama, saboda haka ranar Lahadi da safe nakan hau keke tare da wasu tsofaffin abokai, mu bi tsohuwar hanyar Kawu har Angondjé. Sun gaji da ni. Ina duba inda kowa ya zura sarƙa, ina rabon dabino tun ba a yi nisa ba, ina da fitila uku a keke ɗaya da rana tsaka. Suna cewa na fiye tsoro, ni kuma in ba su labarin tseren jirgin ƙasa. Ba wanda na taɓa gaya wa cewa na riƙe katin nan a hannuna, har mahaifina ya rasu bai sani ba. Kawu ya ce ban san yana ciki ba, na kuma bar shi ya tafi Garwa da wannan zaton.